Shafin farko ya samu

Da hantsin nan na kai zanen mahaifiyata rini a marinar Ƙofar Mata, sai na tsaya ina kallon wani dattijo yana tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba. Da ya ɗago shi, launinsa ya fito kore-kore, babu kyan gani, sai da iska ta buge shi sannan ya fara juyewa shuɗi a gaban idona. Na tambaye shi ko ya gama, ya ce, "Ɗana, wannan tsomin farko ne, sai na yi ta maimaitawa kafin ya kama."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin littafin da nake son rubutawa ya daɗe yana jiran jimlar farko wadda nake so ta fito a goge tun daga alƙalami, kullum ina cewa sai gobe. Bayan sallar azahar na zauna na cika shafi biyu ba tare da na soke kalma ko ɗaya ba. Rubutun bai yi kyau ba tukuna, amma yarinyar labarin ta buɗe baki ta yi magana, kuma yanzu ina ɗokin sanin amsar da mahaifinta zai ba ta.