Inda aka kwana kan haɗa kwamfutocin shagon Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Aikin shagon Yaya da na ce zan gwada hannuna a kai ya kankama. Ga waɗanda ba su san zancen ba, shagon buga takardu ne a Samaru ta Zariya, yawancin masu zuwa ɗaliban jami'a ne, akwai kwamfutoci 6, firinta 1 da rauta mai sim, wato akwatin da ke kawo intanet. A da filas ake yawo da shi daga wannan tebur zuwa wancan, shi ke kai takarda, shi ke kai bairos. Yanzu kowace kwamfuta tana aika aiki ga firinta daga inda take.

Kafin na taɓa waya sai da na zana tsare-tsaren haɗa kwamfutoci da muke haddacewa, in ga wanne zai zauna a ɗaki irin namu. Tsarin raga, wanda kowace na'ura ke da waya zuwa ga kowace, lissafi kaɗai ya kore shi: kwamfuta 6 na bukatar waya 15, kowace kuma da kafa 5 a bayanta, in sun kai 10 wayoyi sun zama 45. Wannan na manyan layukan intanet ne, inda ake son in hanya ɗaya ta yanke saƙo ya bi wata, tunanin da Paul Baran ya yi ta rubutu a kai a Amurka tun farkon shekarun 1960. Tsarin layi ɗaya kuwa, da shi Ethernet, fasahar haɗa kwamfutoci da waya, ta fara lokacin da Robert Metcalfe ya ƙirƙiro ta a 1973. A nau'in 10BASE2 waya guda ce mai kama da ta eriyar talabijin, ba ta wuce mita 185, na'ura 30 ke rataye a jikinta, in ta tsinke a wuri ɗaya kowa ya tsaya. Tsarin zobe IBM ta yi kasuwarsa da Token Ring a tsakiyar shekarun 1980, ya yi zamaninsa ya wuce. Ku san su saboda jarrabawa, amma kada ku ɓata dare a kansu. Tun da nau'in Ethernet na 10BASE-T ya fito a 1990 ofisoshi suka koma tsarin tauraro, wato kowace na'ura da wayarta zuwa akwati ɗaya a tsakiya, wanda a yau suwic ne, kuma kayansa ne za ku tarar a kasuwa, ko Sabon Gari kuka shiga ko PZ.

Littafi zai ce maka alfanun tauraro shi ne in wayar mutum ɗaya ta lalace shi kaɗai abin ya shafa. Gaskiya ne. Abin da ake faɗa a layi ɗaya a wuce shi ne duk raunin an tattara shi an ɗora wa suwic ɗin tsakiya, kuma a garin nan wannan layin shi ne rabin aikin. An ɗauke wuta, laftof biyu na shagon suna nan da cajinsu, amma ba mai ganin wani, domin ɗan akwatin da ya haɗa su ya mutu. Don haka kafin ka tambayi ina tsakiyar ɗaki, tambayi ina soket ɗin da ke kan inbata. Suwic ƙarami da rauta ba sa cin wutar kirki, duka biyun ba su kai fanka ɗaya ba, sai na ja musu layi daga batirin sola na kafa su a bango sama da kai. Ƙasa ba wurinsu ba ne, ga tsintsiya ga ƙafar mutane, ga ƙurar hunturu da ke cika kafofin da ba a toshe ba. Kusa da kwanon rufi ma ban yarda ba, kun san zafin watan Afrilu. In zane zai yi amfani a Zariya, a sa layin wuta a cikinsa tare da layin kebul.

Wani abu kuma, suwic ɗin da ke shagon mai kafa 8 ne. Ku lissafa: kwamfuta 6, firinta, rauta. Ya cika tam, ba wurin baƙo. Mai shirin saya ya ƙara kuɗi kaɗan ya ɗauki mai 16.

Inda hannuna ya fi daɗewa shi ne matse kan waya. Waya nau'in Cat5e na yi amfani da ita, silli 8 ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Jerin launuka na ƙa'idar T568B nake bi a kowane kai: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ku lura da koren nan, an raba shi da ɗan uwansa, ɗaya a gurbi na 3 ɗaya a na 6, shuɗayen suna tsakaninsu. Nan masu koyo ke zamewa, su jera launi kusa da launi don ya fi kyau a ido. Ƙaramar tasta ta gwajin waya ba za ta kama wannan ba, fitilunta za su bi 1 zuwa 8 lafiya lau tunda kai biyun sun yi daidai da juna, sai an ja wayar da nisa saƙo ya fara ɓacewa, saboda murɗin da ke kashe hayaniya ya tashi aiki. Ina feɗe rigar wayar kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, in miƙar da sillayen tsakanin babban yatsa da manuni har su kwanta, in datse su daidai, in tura har in hango jan ƙarfen kowanne a bakin kan roba, rigar kuma ta shige ciki yadda filaya za ta cije ta. Gudun megabit 100 silli 4 kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka 8, shi ya sa in kwamfuta ta nuna 100 alhali ita da suwic duk masu gigabit ne, kan wayar nake fara dubawa.

A wajen saye kuma ku tafi da reza. Ku kankare silli ɗaya, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Tana da araha, tana karyewa a wurin lanƙwasa, kuma mita 100 ɗin da ƙa'ida ta ba wa wayar jan ƙarfe zalla kada ku sa ran za ta kai shi lafiya.

Bayan an tashi daga aiki na yi gwajin da na daɗe ina son gani da idona. Na sa kwamfuta ɗaya tana ta aika ping, wato ɗan saƙon gwaji mai jiran amsa, zuwa rauta, na zare wayoyi biyu don in sami kafa, na ɗauki guntuwar waya na cusa kanta biyu a kafofin suwic ɗin nan guda. Ba a jima ba fitilun suka kama ƙiftawa tare kamar an haɗa bakinsu, amsar ping ta yanke. Ina zare guntuwar komai ya dawo. Ga dalili. Hab, tsohon akwatin tsakiya da ake amfani da shi kafin suwic, sanƙira ne, abin da ya ji sai ya shelanta wa gari duka, suwic kuwa ɗan aike ne da ya san ƙofar kowa, domin yana rubuta adireshin MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, da kafar da ya gan ta. Amma akwai saƙon da dole ya watsa wa kowa, irin tambayar wa ke da adireshi kaza. In akwai zagaye, saƙon zai fita ta kafa ɗaya ya dawo ta ɗaya, a sake watsa shi, kuma firam, wato ƙunshin saƙon Ethernet, ba shi da ƙidayar da za ta kashe shi a hanya yadda fakitin IP, ƙunshin saƙon intanet, ke da ita. Maganin wannan Radia Perlman ta fito da shi a 1985, wato Spanning Tree, wanda ke rufe kafar da ta jawo zagaye ya ajiye ta sai babbar hanya ta yanke. Ƙananan suwic masu araha da yawansu ba su da shi. A manhajar koyo ta Packet Tracer ba za ku ga wannan rikici da sauƙi ba, tunda suwic ɗin ciki na zuwa da kariyar a kunne. Ku gwada a kan kayanku, ban da na wurin aikin mutane da rana tsaka.

Saura ɗakin baya, inda Yaya ke son ƙara kwamfutoci na masu rajistar jarrabawa. Suwic na biyu zan sa a can, waya ɗaya tak ta haɗa shi da na gaba, tauraro ya haifi tauraro, abin da ake kira tsarin bishiya. Kafar da zan sa wayar ita ce matsala, sai dai firinta ta koma baya ko a canja suwic. Akwai tsohuwar rauta da zan mayar ta zama mai ba da waifai kawai, in kashe DHCP ɗinta mai raba wa na'urori adireshi, don masu raba adireshi biyu a gida ɗaya rigima ce. Waifai ɗin ma tauraro ne, duk wayoyin hannu wuri ɗaya suke komawa.

Abin da ban yanke ba shi ne tsakar gidan da ke tsakanin ɗakunan biyu, fili ne ba rufi. Jan ƙarfe a sarari da tsawar daminar Zariya ba na son haɗa su. Ko dai in binne wayar a cikin bututun roba, ko in nemi faiba, wayar zaren gilashi, da 'yan akwatunan juya sigina biyu, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta. Wanda ya taɓa ja tsakanin gini biyu ya faɗa mini nawa faibar ta ci masa. Ku kuma na cikin Birni masu katangar ƙasa mai kauri, ina son jin ko waifai na ratsa muku soro zuwa cikin gida, ko sai da kuka huda bango.