Darasin da wayar caja ta koya mini a sashen gyara

Yanzu da na ajiye aiki a sashen gyaran kwamfuta, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saɓanin da muka sha yi da shugaban sashen kan cajar laftof da wayarta ta tsinke. A ganinsa a feƙe waya, a murɗa, a naɗe da salatif, shi ke nan, kuma duk wanda ya ɗauko dalma da mitar auna wuta ɓata lokacin ofis yake yi.

Abin da ya ƙi saurara shi ne cewa wayar da ke fitowa daga akwatin caja zuwa kwamfuta ba guda ɗaya ba ce. A tsakiya akwai mai ɗauke da wuta, wato fozitif, galibi bolt 19 zuwa 20, sannan siraran zarurrukan tagulla sun kewaye ta, su ne negatif. Cajojin Dell da HP da yawa suna da ta uku, siririya kamar gashi, wadda ke zuwa ga allurar da ke tsakiyar bakin cajar, kuma ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar da aka jona mata. Idan ta katse, batir kan ƙi ɗaukar caji ko kwamfutar ta rage gudu. Idan kuwa murɗin ya saki har ta taɓa mai wutar, sai wuta ta afka inda ba a tanadar mata ba, ta ƙona wani ɓangare na babban allon da ke cikin kwamfutar, wanda kayan aikinta ke jone a kai.

Haka ta faru da wata kwamfuta da aka yi wa gyaran salatif bisa umarninsa, ina ji ina gani. Da aka zo bincike, sunana ya rubuta a rahoto, wai ni ne babba a teburin. Har na bar wurin bai janye ba.

Ga wanda zai gyara tasa da kansa, a cire cajar daga soket, a yanke wurin da ya lalace gaba ɗaya, wanda yawanci dab da bakin cajar yake inda waya ke yawan lanƙwasa. A zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi tun kafin a haɗa, domin bayan an liƙe ba ta da hanyar shiga. A liƙe kowace waya da dalma, a rufe ta ita kaɗai, kuma kada mahaɗan su zo wuri ɗaya; a ɗan gusa kowace gaba da 'yar uwarta. Kafin cajar ta kusanci kwamfuta, a auna da mita a tabbatar da yawan wutar, kuma ba a juya fozitif da negatif ba. Cajojin da na gyara a haka, babu wadda aka dawo mini da ita.

Kada a fasa akwatin cajar, domin kafasita, wata 'yar na'urar adana wuta da ke ciki, tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire ta daga soket. Wayar da ke zuwa bango da ta USB-C sauya su ake yi. Umarnin da ka san zai jawo ɓarna kuwa, ka nemi a ba ka shi a rubuce.