Rizal ɗin guje-gujen yara, da abin da ni nake dubawa a ciki

Duk shekara in aka kammala gasar wasannin matasa ta ƙasa, wadda ake shirya wa yara 'yan ƙasa da shekara 15, sai ka ga mutanenmu sun ɗauko teburin lambobin yabo suna ta yaɗawa a WhatsApp, ana ina Jigawa ina Kano, kai an ji kunya, kwana biyu kuma kowa ya manta. Jihar Delta ce ta daɗe tana zaune a sama tun ana yin gasar a Ilorin har aka koma Asaba a 2023, ita da su Legas da Edo suke rabon zinaren. To ni malamin motsa jiki ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a nan yankin Ringim, kuma gaskiya teburin nan bai cika damuna ba, takardar sakamakon guje-guje da tsalle-tsalle nake nema, wadda ake rubuta sunan yaro da layinsa da lokacin da ya yi, don a nan ake gane inda muke.

Mutane da yawa ba su iya karanta ta ba ma. Za ka ga an sa 11.42 a gaban sunan yaro a gudun mita 100, a saman shafin kuma an rubuta +1.3 ko +2.8. Wannan ƙaramar lambar iska ce, wato ƙarfin iskar da ke tura shi ta baya. In ta wuce mita 2 a sakan ɗaya to lambarsa ta zinare tana nan ba mai ƙwacewa, amma lokacin ba ya shiga littafin tarihi. Babbar Q na nufin yaro ya haye zagaye na gaba da matsayinsa, ƙaramar q kuma lokacinsa ne ya cece shi duk da bai zo cikin na gaba-gaba a rukuninsa ba. DQ kora ce, kuma ita ta fi ba ni tausayi wallahi, yaro ya kwana biyu a mota, ya motsa kafin bindiga ta tashi, shikenan a nuna masa jan kati ya fita ko taku goma bai yi ba. Doka ma ta ce in ka tashi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan ƙarar bindiga, satar tashi ka yi, don wai ɗan Adam ba ya iya ji ya amsa da saurin da ya fi haka.

To mu dawo gida. A filinmu da toka muke zana layi, mita ɗarin ma da tef ɗin magina muke aunawa ana ja ana ƙarawa, in akuya ta bi ta kai a sake. Mai tayar da gudu yana can da usur, mu masu riƙe da waya muna nan ƙarshen layi muna jiran mu ji usur mu danna. Nan matsalar take, don ƙara tana tafiyar kusan mita 340 ne a sakan, kafin ta iso kunnenmu yaro ya riga ya ci kusan kashi uku cikin goma na sakan a kyauta. Shi ya sa a gasar gaske mai agogon hannu hayaƙin bindiga yake kallo ba ƙararta yake jira ba, kuma duk da haka in za a kwatanta da agogon lantarki sai an ƙara 0.24 a kai. Ka ga ke nan yaron da muka yi ta yi wa kirari a intahaus cewa ya yi sakan 11 cif, in aka kai shi Asaba ƙila 11.6 ne, ƙila ma filin namu bai cika ɗari ba, kuma iskar hunturu ce ta ingiza shi. Ba ƙarya muka yi masa da gangan ba, amma mun tura shi da lambar da ba tasa ba, ya je ya zo na shida ya dawo yana cewa asiri aka yi masa.

Kuma kar wani ya ce min yaranmu ba su da ƙafa. Akwai wani ɗan aji biyu da nake da shi, daga rugarsu yake zuwa a ƙasa kullum, in ya makara gudu yake yankowa ta cikin gonaki har bakin aji ko haki ba ya yi sosai. Ranar da na sa su zagaye fili sau huɗu ya cire silifas ya riƙe a hannu, ya gama ya tsaya yana jiran na biyu yana tauna ƙwarar gyaɗa. Irin wannan yaron mita 1,500 ko 3,000 ya dace da shi, amma mu duk hankalinmu yana kan mita 100 don shi ne ake ihu. Mutanen Filato sun gane wannan tuntuni, yaran Pankshin da kewaye su suka riƙe gudun dogon zango a ƙasar nan. Su kam tudu ya taimake su, mu ba mu da tudu, amma muna da yaran da tafiya ta gina tun suna ƙanana.

Hanyar fa a buɗe take ga wanda aka sa a kai da wuri. Gasar matasan Afirka an fara ta a Rabat a 2010, aka yi a Gaborone a 2014, sai Aljiyas a 2018. A shekarar 2018 ɗin Rosemary Chukwuma ta je Buenos Aires ta ciyo wa Najeriya zinaren mita 100 a gasar Olamfik ta matasa. Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya na sakan 12.12 a gudun tsallake shinge a Amurka a 2022, 'yar Ijebu-Ode ce, a 2013 tana yarinya ta yi gudu a gasar matasan Afirka ta guje-guje da aka yi a Warri. Ba daga sama suka faɗo ba, tun suna ƙanana suke shiga gasannin da ake rubuta lokacinsu a ajiye. Mu kuwa in an gama intahaus a ba na ɗaya bokiti, na biyu sabulu, na uku littafin rubutu, takardar sakamakon kuma mai ƙosai ta naɗe da ita washegari. Damina na faɗuwa filin ma ya zama rabi gona rabi tafki, yaran su tafi ciyawa da noma sai bayan kaka.

Sai maganar shekaru. Wajen tantancewa ake zubar da yara da yawa, kuma namu na ƙauye mafi yawa ba su da takardar haihuwa, ka tambayi uba ya ce ai shekarar da aka yi ambaliya aka haife shi, wace daga ciki? Wani kuma ɗan 18 ne da gemu ya fara tsirowa a rage masa zuwa 14 don a samo lamba, ya tare wa na gaskiya wuri. Wannan ni ban yarda da shi ba ko da jiharmu ce za ta ci.

'Yan mata kam abin ya fi wuya, iyaye suna ganin kayan da ake sawa a talabijin su ce a'a, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake gaya musu shi ne ba dole sai da wancan kayan ba. Ruqaya Al-Ghasra 'yar Baharen da ɗankwalinta da dogon wando ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya a Doha a 2006. Wata baba da na nuna mata bidiyon a waya ta kalla sau biyu ta ce to Malam in dai haka ne, kuma malama mace ce za ta raka su, a je. Malamar ce har yanzu ba mu da ita.

Bana dai in Allah ya kai mu bayan an gama yankan gero, ni da malaman makarantu uku na maƙwabta mun yi shawara za mu haɗa kuɗi mu sayi tef mai mita 100 da agogon auna gudu na gaske, mu kafa turaku na siminti a farko da ƙarshen layi don kar a riƙa sake awo, mai tayarwa ya riƙa sauke tuta tare da busa usur mu danna da ido. Babban littafi ɗaya za mu buɗe, kowane yaro da shafinsa, da shekarar haihuwa in an samu. Wanda ke da tsohon takalmin gudu mai ƙusoshi a ajiye, lamba 38 zuwa 41, muna so.