Makeron kan autata da yawon neman likitan fata da muka sha a Gombe

Mai kitso ce ta fara gani ba ni ba, kuma wannan har yau yana ɗan min ciwo. Ranar wata Asabar ana tsefe wa autata kai sai matar ta ce Maman yara zo ki ga wani abu, na zo na tarar da fili a tsakiyar kai kaman faɗin kwabo, gashin wurin duk ya kakkarye, sai wani fari-fari kaman an barbaɗa toka. Ta ce makero ne ai ba wani abu ba ne. Nima haka na ɗauka wallahi, don mu da muna firamare a Bolari rabin mazan ajinmu da makero suke yawo kuma ban taɓa jin an kai wani asibiti a kansa ba.

Da yamma na aiki yayanta kemis aka ba shi kirim ɗin nan mai haɗi uku da ake cewa yana maganin komai, kyasbi ne, ƙazuwa ce, ƙuraje ne, har masu neman haske shi suke shafawa. Satin farko kam sai hamdala, ƙaiƙayi ya tsaya, wurin ya yi sumul. Kafin sati na huɗu fili ɗaya ya zama uku, ɗaya ma ya kumbura yana tsatsafo da ruwa, yarinya ba ta yarda ko ɗankwali ya taɓa wurin. Kakarta ta ce a goga tafarnuwa, na ce Hajiya a dai yi haƙuri tukuna, ta ce toh ku 'yan boko.

A ofis wata ƙawata ta turo min shafin wata a Instagram, farar riga, abin awon ƙirji a wuya, suna ya fara da Dakta, ga hotunan fuskoki jere wai da da yanzu. Na tura mata hoton kan yarinyar ta WhatsApp, minti 5 bai cika ba ta ce dattin jini ne, akwai haɗin sabulu da mai da na sha naira 35,000 har da kuɗin kawowa tasha. Saura kaɗan in tura fa, har na buɗe manhajar banki, sai Baban yara ya ce ki kira Yaya mana tukuna. Yaya 'yar wan babana ce, nas ce a Bauchi ta fi shekara 20 tana aiki, kuma ba ta da wasa a irin wannan. Ta ce ke kar ki tura ko sisi, ki tambaye ta cikakken sunanta da lambar rajistarta ta MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da asibitin da take zama.

Gaskiya kunya ta kama ni. Mu dai an rene mu ba a titsiye likita, in ya faɗa sai ka ce toh ranka ya daɗe ka tashi. Na daure na rubuta cikin ladabi, har da don Allah ki yi haƙuri da tambaya. Amsar da ta dawo ita ce Hajiya in ba ki yarda da aikina ba ki bari kawai. Washegari na duba na ga ta toshe ni.

Yaya ce ta zaunar da ni a waya kusan awa guda ta min bayani, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ce bari in rubuta, don ni da aikin gwamnatina da digirina ban san ko ɗaya ba. Duk likitan da ke duba mutane a Najeriya sai hukumar MDCN da ke Abuja ta yi masa rajista ta ba shi lamba, kuma duk shekara yake sabunta lasisinsa, wanda bai sabunta ba bai kamata ya zauna ya duba kowa ba. Wannan likita ne kawai fa, mai digirin likitanci na MBBS, shekara 6 a jami'a da shekara 1 ta koyon aiki a asibiti sai bautar ƙasa. Likitan fata kuma sai ya sake komawa asibitin koyarwa ya yi wasu shekarun, akasari ta ɓangaren cututtukan manya suke bi sannan su ware zuwa fata, ya ci jarabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, shi ya sa za ka ga FMCP ko FWACP a bayan sunansa. Amma wai ko waɗannan haruffan ba fata kaɗai suke nufi ba, likitan zuciya ma da na ƙoda suna da su, don haka sai ka tambaya kai tsaye fannin me ya karanta. Takardar kwas ɗin sati 2 na haɗa sabulu da man shafawa, ko an saka ta a firem mai ruwan zinare, ba ta mai da mutum likita. Ta ce likitan gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi lambarsa, wasu ma tana jikin hatiminsu, kuma in asibitin kuɗi ne ki ɗaga kai ki duba bango ki ga ko akwai takardar rajistar ma'aikatar lafiya ta jiha.

Hanya mafi sauƙi a nan wajenmu, inji ta, ita ce ki bi ta manyan asibitoci tunda su sun riga sun tantance ma'aikatansu kafin su ɗauka. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko asibitin koyarwa na ATBUTH a Bauchi, ko na Azare, in abin ya ƙi a tura ka Jos ko na Malam Aminu Kano. Sai dai likitocin fata ba su da yawa sam a ƙasar nan balle Arewa maso Gabas, ba kullum suke zama ba, rana ake ware musu a sati, don haka kar ka kwashi yaro tun daga Dukku ko Kaltungo ka taho ba ka tambayi ranar ba.

Toh sai maganar inshora, nan ne na yi tawa wautar. Ina da NHIA, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ta wurin aiki, wadda har yanzu bakinmu ya saba da NHIS duk da tun 2022 aka canja doka da suna, tana ɗaukar ma'aikaci da mijinta ko matarsa da yara 4 'yan ƙasa da shekara 18, autar tana ciki. Ni a tunanina tunda ina da kati ai sai in je duk inda nake so in miƙa. Na tashi da sassafe na ɗauki yarinya muka hau Keke Napep muka tafi babban asibiti kai tsaye, na bi layi, da na isa gaban tebur mutumin ya ce Hajiya ina takardar turowa, ina kod? Na ce wane kod kuma? Ashe sai ka fara zuwa asibitin da ka zaɓa tun farko, wanda sunansa ke kan rajistarka, likitan can ya duba ya rubuta cewa abin na ƙwararre ne, sannan a nemi lambar amincewa, wato kod ɗin, daga HMO ɗinka, kamfanin da ke kula da inshorarka, da wannan lambar ce babban asibiti zai duba ka a kan inshora. In babu, ko ka biya daga aljihu ko ka koma. Muka koma.

Kod ɗin nan sai da ya kwana 2 bai fito ba, ina kira ana ce min ana kan aiki. Yaya ta ce ki gaya musu kin san a 2025 NHIA ta ba da umarnin a riƙa fitar da kod cikin awa 1, kuma kin san hanyar ofishin NHIA na jiha. Ban ma iya faɗa da ƙarfi ba, a saƙo na rubuta, kafin la'asar sai ga shi ya shigo. Ban ce saƙon ne ya yi aiki ba, amma dai.

Masu inshorar jiha, wato GoHealth ta jihar Gombe da BASHCMA a Bauchi, su ma kar su ɗauka kati kaɗai ya isa, ku tambayi teburin inshora na asibitinku yadda ake turawa kafin ku kashe kuɗin mota. Kuma asibitin kuɗi da ya rubuta muna karɓar inshora a allo, a tambaye shi wacce, don yana iya karɓar ta wani kamfani bai karɓi taka ba. A tambaya ko ganin ƙwararren yana ciki, gwaji fa, magani fa. Mu dai a NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani muke biya in maganin yana cikin jerinsu kuma akwai shi a kantin asibitin, in babu sai a rubuta maka ka fita waje ka saya da kuɗinka. Abin da ya shafi kwalliya kuma, gyaran fuska da su goge tabo don kyau, wannan kar ma ka sa rai.

Ranar da muka samu ganin likitar na shiga da tambayata a baki ina ta juya yadda zan fara, na ce ranki ya daɗe don Allah kar ki ji haushi, ke ce likitar fatar? Ta yi dariya ta juyo min da katin wuyanta, ta ce ita kwansaltan ce, wato ƙwararriyar da ta gama horo, wancan saurayin na gefe yana kan horo ne a ƙarƙashinta, ta faɗi inda ta yi karatu ba tare da na tambaya ba. Sai ta ce me kuka shafa? Na fito da kwalin daga jaka, da ma Yaya ta ce in tafi da shi. Ta nuna min wani suna cikin ƙananan rubutu ta ce wannan sitiroid ne mai ƙarfi, yana kwantar da ƙaiƙayi da ja sai ka ɗauka an warke alhali naman gwarin, wato ƙwayar cutar da ke kawo makeron, yana ta yaɗuwa a ƙasa, kuma makeron kai a cikin jijiyar gashi yake zama, kirim ko mai kyau ne ba ya kaiwa can sai maganin sha. Wancan da ya kumbura wai da an ƙara barinsa zai iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Nan jikina ya yi sanyi.

Aka kankare wurin kaɗan aka tsinke 'yan gashi aka kai gwaji, aka rubuta mata maganin sha mai suna griseofulvin na sati 8 daidai nauyinta, a sha da abinci mai maiƙo don ya fi shiga jiki, sai sabulun wanke kai na magani sau 2 a sati. Ta ce a duba kan sauran yaran, a raba matsefi da hula da rigar filo, har kyanwar gida sai da ta tambaya ko gashinta na zubewa. Kuɗin da na biya gaba ɗaya bai kai abin da na kashe a Keke Napep ba.

Yanzu muna sati na 6, kullum da kindirmo take haɗiye maganin har ta fara cewa ita kam kar a warke. Gashi ya fara tsirowa a biyu, na ukun da ya kumbura ne dai muke ta kallo, an ce mu dawo ƙarshen wata. Mai kitso ta zo shekaranjiya na miƙa mata sabon matsefi da tsinken da na saya na ce da waɗannan za a riƙa yi wa yarana, ta ɗan ɓata rai, amma ta karɓa.