Gidan Katakon da Ya Girmi Jihadi

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Amurka, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai na ba shi labarin wani tsohon gidan katako da na gani a garin Dedham, kusa da Boston.

Shigata ƙasar ba ta yi daɗi ba. Jami'in da ya duba fasfona ya tsare ni da tambaya ɗaya har sau uku, wai me ya kawo ni, ko kallon fuskata bai yi ba, ya wurgo mini takarduna kamar na zo bara. Yayana, ɗan kawuna da ya daɗe a can, shi ya wanke mini wannan takaici. Matarsa ta tarbe ni da tuwon semo da miyar kukar da ta ɓoye tun zuwanta gida. Muna cikin ci ya ce, "Ƙanena, kai mai son tarihi, gobe zan kai ka gidan da ya girmi jihadin Shehu."

Na ɗauka zolaya ce. Muka hau jirgin ƙasa daga South Station, ba mu jima ba muka sauka. Gidan yana bakin titi, launinsa ya yi duhu, rufinsa ya lotsa kamar bayan tsohon jaki. Sunansa Fairbanks House. Jonathan Fairbanks da matarsa Grace suka gina shi bayan sun taso daga yankin Yorkshire na Ingila da 'ya'yansu, suka zauna a Dedham, garin da Turawa suka kafa a 1636. Masana sun ƙirga zoben shekarun da ke jikin katakon, suka gano an sare wani a 1637, wani a 1641. Na tsaya na yi lissafi: a lokacin Kutumbi ke sarautar Kano, saura shekara fiye da 160 a fara jihadi. An ce babu gidan katako irinsa da ya kai shi tsufa a Arewacin Amurka.

Sai ka sunkuya kafin ka shiga wasu ƙofofin. Daɓen katakon ya karkace, kana tafiya kana jin ƙafarka tana gangara. Murhu ne ƙato a tsakiyar gida, saboda sanyin ƙasar ba na wasa ba ne. Dattijuwar da ke zagayawa da mu ta nuna mana alamomin da aka zana a jikin katakon murhun don korar mayu, ta ce an kuma tsinci tsofaffin takalma da aka ɓoye a cikin ginin saboda wannan dalili. Na dubi Yaya, shi ma ya dube ni. Ashe su ma sun san binne laya a gida. Mutanen da jikokinsu suka riƙa kiran namu camfi.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda suka riƙe sunayensu. Jonathan ya rasu a 1668, gidan ya koma hannun babban ɗansa John, haka aka yi ta gado har zuriya takwas, sai a 1904 ta ƙarshensu, Rebecca, ta fita, shekara guda bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Daga nan ƙungiyar dangin ta karɓi gidan, kuma har yau suna haɗuwa duk shekara. Ba su ɓoye abin kunyarsu ba ma. Akwai Jason Fairbanks da aka rataye a 1801 bisa kisan wata budurwa, Elizabeth Fales. Akwai kuma Charles Fairbanks, mataimakin shugaban ƙasa daga 1905 zuwa 1909, wanda garin Fairbanks na Alaska ya ci sunansa. Duk suna cikin littafin dangi ɗaya.

Nan zuciyata ta karye. Zauren kakanmu a birni, mai dagi a goshin ƙofa, da idona na ga an rushe shi an jera shaguna. Na san sunan kakan kakana, daga nan sai shiru. Da ba don an mayar da Gidan Makama wurin adana kayan tarihi ba, wa ya san abin da zai same shi?

Amma na yi wa dattijuwar tambayar da ke cina: kafin su zo, ƙasar ta wace ce? Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ta 'yan asalin wurin ce, irin su Massachusett, waɗanda jihar Massachusetts, inda Dedham yake, ta ci sunansu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Jonathan, Jonas, an kashe shi a Lancaster a 1676, lokacin yaƙin Turawa da 'yan asalin wurin, wanda ake kira na Sarki Philip. Sunansa yana rubuce, har da ranar. A wannan yaƙi aka kwashe 'yan asalin ƙasar mazauna garin Natick, waɗanda ma sun karɓi addinin Kirista, aka zube su a tsibirin Deer cikin hunturu, da yawa suka mutu saboda yunwa da sanyi. Su ba su da gidan da za a kai baƙo ya gani. Wannan ya dame ni ƙwarai, har na kasa cewa komai muna fitowa.

Abincin rana kuwa sai a hankali. Burodi da ɗan kifi da shayi, dala 19, sannan a ce dole ka ƙara wa mai kawo abincin nasa a kai. Yaya ya hana ni taɓa aljihu. Ladabinsu dai na baki ne: kowa zai yi maka murmushi ya riƙe maka ƙofa, amma duk kwanakin da na yi ban ga maƙwabcin da ya leƙo gaisuwa ba.

Washegari muka je Plymouth, inda jirgin ruwan Mayflower ya sauke Turawan da ya kwaso daga Ingila a 1620. Dutsen da ake ta zuzutawa, wai a kansa suka sauka, bai fi turmi biyu ba. Ruwan sama ya kore mu. Jibinsa na ɗaure kaya, na sauka Abuja da daddare, da asuba na kama hanyar gida. Da yamma na tafi wurin Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin tsarar mahaifinmu, da littafi da biro a hannuna.