Na Biya Kuɗin Wasa, An Ba Ni Aro

A makon da ya gabata na ɗauko wani faifan wasan bidiyo daga kwalin da nake ajiye tsofaffin kayana, na goge ƙurar da ta hau kan marfinsa, na zura shi a na'ura. Faifan lafiyarsa ƙalau, babu ko ƙwarzane ɗaya a jikinsa. Hoton farko ya fito, kiɗan da na saba ji ya tashi, sai wani ɗan rubutu ya bayyana a tsakiyar allo yana cewa an kasa haɗuwa da sabar, wato kwamfutar kamfanin da wasan yake tuntuɓa ta intanet, in sake gwadawa an jima. Na sake gwadawa har sau uku, ko da yake na san babu amfani, domin kamfanin da ya sayar da wasan ya riga ya kashe kwamfutocin da wasan yake dogaro da su. A cikin wannan wasa muke haɗuwa da ƙanena kusan kowane daren Asabar tun da aiki ya raba mu, kuma akwai wani tsauni a cikinsa da muke hawa mu tsaya, mu bar wasan gefe, mu yi ta hira har ɗayanmu ya fara hamma. Yanzu faifan yana hannuna, kwalinsa da ɗan littafin da ke ciki duk suna nan, amma babu wata hanya da zan sake ganin tsaunin.

Na san komai yana da ƙarshe, kuma ban taɓa tsammanin wani kamfani zai ci gaba da biyan kuɗin wuta da na ma'aikata har abada saboda mutane ƙalilan da suka rage ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin wasan nan mutum ɗaya yake yin sa shi kaɗai, babu abin da ya haɗa shi da wani ɗan wasa, amma da gangan aka gina shi ta yadda sai ya nemi izini daga nesa kafin ya buɗe. Na biya cikakken kuɗinsa, kuma ranar da na biya babu wanda ya gaya mini cewa akwai wa'adi.

Abin da ya same ni ya sami jama'a da yawa, kuma misalin da ya fi yin ƙara shi ne na The Crew, wasan tseren motoci da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. A watan Disamba na 2023 aka cire shi daga kasuwa, a ƙarshen Maris na 2024 aka kashe sabarsa, bayan haka kuma masu shi suka tarar an janye lasisinsa daga asusunsu, ta yadda ko sauke shi ba za su iya ba. Tun kafin a kashe sabar, a farkon 2024, wani jami'in kamfanin mai kula da sashen biyan kuɗi na wata-wata, Philippe Tremblay, ya faɗa a wata hira cewa sauyin da ake jira shi ne 'yan wasa su saba da rashin mallakar wasanninsu. Da maganar ta haɗu da abin da ya biyo bayanta, sai mutane suka ji kamar an faɗa musu a baki sannan an nuna musu a aikace. Daga nan ne wani mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma takardar koke da aka gabatar a ƙarƙashin tsarin Tarayyar Turai ta zarce sa hannu miliyan ɗaya a watan Yuli na 2025. Buƙatarsu ba ta da yawa. Suna so ne idan kamfani zai daina kula da wasan da ya sayar, ya bar shi a yanayin da wanda ya saya zai iya kunna shi, ko da ba tare da taimakon kowa ba. Ubisoft da kansa ya sanar daga baya cewa zai sa hanyar wasa ba tare da intanet ba a The Crew 2, wanda hakan ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne tun farko.

Ya kamata in yi adalci ga sayar da wasanni ta intanet, domin ni ma na ci moriyarsa sosai. Lokacin da kamfanin Valve ya buɗe Steam, shagonsa na wasanni a intanet, a 2003, kuma ya wajabta shi a kan duk mai son Half-Life 2 a 2004, mutane sun yi ta ƙorafi, amma a hankali suka ga sauƙinsa: babu faifan da zai karye, gyara yana zuwa da kansa, ga rangwame mai yawa, kuma mutum biyu ko uku suna iya haɗa wasa a ɗakinsu su sayar wa duniya ba tare da sun roƙi wani babban kamfani ya buga musu faifai ba. Wasu daga cikin wasannin da na fi so ba za su taɓa isowa gare ni ba in da ba ta wannan hanya ba. Sai dai a cikin wannan sauƙi ne muka miƙa wani abu ba tare da mun lura ba. A da, idan na gama da wasa, ina iya ba aboki aro, ko in sayar, ko in bar wa ƙane. Yanzu ɗaruruwan wasannin da ke cikin asusuna suna ɗaure da sunana, kuma dogon rubutun da muke danna "na yarda" a ƙarƙashinsa ba tare da mun karanta ba yana cewa izinin amfani aka ba mu, ba a kuma yarda mu miƙa asusun ga wani ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, to mu an sayar mana da zanen aro a farashin sabo.

Har sai da doka ta shiga kafin a fara faɗin wannan a fili. A watan Satumba na 2024 gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, Gavin Newsom, ya sa hannu a kan dokar da ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye idan lasisi kawai suke bayarwa, sai sun bayyana wa mai biyan kuɗi hakan ƙarara. Ba da jimawa ba Steam ya sa wani ɗan rubutu a wurin biyan kuɗi yana sanar da cewa lasisi ne mutum yake karɓa. Na ji daɗin dokar, amma iyakarta ke nan: an gyara kalmar, cinikin kuwa yana nan yadda yake.

Wanda ya ce zai koma ga faifai domin ya tsira, shi ma ya tarar an riga shi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 bai ƙunshi ko megabayit 100 ba, sauran duk sai an sauke daga intanet, kuma a 2025 Nintendo ya fito da wani irin kati na na'urar Switch 2 wanda babu wasa a cikinsa, mabuɗin saukewa ne kawai. Shagunan intanet na tsofaffin na'urorin wasa kuma suna rufewa: na Wii U da 3DS sun daina sayarwa a Maris na 2023, na Xbox 360 ya bi su a Yuli na 2024. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a samun su a kasuwa a lokacin. Idan littafi ya ƙare a shago, ana samun sa a laburare ko a hannun wani, amma wasan da ransa yake rataye a sabar da aka kashe da wuya mutum ya iya ceto shi, ko da ya adana kowane fayil.

A kan wannan ne sauran ƙorafe-ƙorafen suke taruwa. Farashin manyan wasanni ya tashi daga dala 60 zuwa 70 tun 2020, kuma Mario Kart World ya fito a dala 80 a 2025, amma duk da haka ana sayar da wasa bai gama dahuwa ba, a ce gyara yana tafe. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba na 2020 da matsalolin da suka sa Sony ya cire shi daga shagon PlayStation, bai koma ba sai bayan kusan wata shida. Sannan ga akwatunan sa'a, inda mutum yake biyan kuɗi ba tare da ya san abin da zai fito ba. Rikicin Star Wars Battlefront II na kamfanin EA a 2017 ya yi zafin da ya sa aka dakatar da saye-sayen cikin wasan ana gab da fitar da shi, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yara, domin su ne ba su iya bambance wasa da tarkon da aka ɗana a cikinsa ba.

Ina so in raba masu haɗa wasa da masu yanke shawarar kasuwancinsa, saboda sau da yawa fushin 'yan wasa yana sauka ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mai zanen da ya yi shekara huɗu yana gina duwatsu da koguna ba shi ne ya sa ranar kashe sabar ba, kuma shi ma aikinsa ne yake ɓacewa. Microsoft ya kammala sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69 a Oktoba na 2023, a Janairu na 2024 ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni, a watan Mayu kuma ya rufe ɗakin haɗa wasanni na Tango Gameworks da ke Japan, wanda wasansa Hi-Fi Rush ya sami yabo da kyaututtuka, kafin kamfanin Krafton ya karɓe shi daga baya. Zagin da ake yi wa ƙananan ma'aikata a intanet zalunci ne, kuma ba ya isa ofishin da aka yanke hukuncin.

Akwai lokutan da kamfanonin suka ja da baya, kuma kusan koyaushe sai da aka matsa musu. A 2013 Microsoft ya janye shirin da zai sa na'urarsa ta Xbox One ta riƙa neman intanet sau ɗaya a kowace awa 24 bayan jama'a sun ƙi. A Mayu na 2024 Sony ya fasa tilasta wa masu Helldivers 2 a kwamfuta buɗe asusun PlayStation, bayan an tuna masa cewa akwai ƙasashe da yawa da aka sayar da wasan alhali ba a iya buɗe asusun a can. Mayar da kuɗi a Steam ma, wanda ake yi cikin kwana 14 idan ba a yi wasan fiye da awa biyu ba, ya zo ne a 2015, ana tsaka da shari'ar da hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta shigar a kan Valve.

Ni dai na sauya yadda nake saye. Ba na biyan kuɗi kafin wasa ya fito, kuma kafin in saya nakan duba ko yana buɗewa idan an cire intanet. Idan wasan yana shagon GOG, wanda yake ba da fayil ɗin da ba ya neman izinin kowa, a can nake saya, in kwafe shi a rumbun ajiya biyu. Da na kira ƙanena na gaya masa abin da faifan ya yi, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, ina jin akwai hoton tsaunin nan da na ɗauka a tsohuwar wayata, bari in duba." Ya turo shi da daddare. Hoton allo ne da aka ɗauka a karkace, hasken fitila ya cinye gefe ɗaya, amma ana ganin mu biyu tsaye a bakin dutse. Na mayar da faifan cikin kwalinsa, na ajiye shi inda yake.