Abin da na koya a ɗakin gwajin numfashi

A ƙarshen wannan wata zan bar ɗakin gwajin numfashi bayan shekara huɗu, kuma har yau ba abin da ke ci mini rai kamar gwajin wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta shafe sama da shekara talatin tana shaƙar hayaƙin itace. Tari da haki ne suka kawo ta. Na maƙala mata abin matse hanci, na ce, "Iya, ki cika ƙirjinki da iska, ki hura da ƙarfi har sai na ce ya isa." Kunya ta hana ta sakin jiki, takan hura na daƙiƙa uku sai ta tsaya tana gyara mayafi. Layi ya yi tsawo a waje, sai na karɓa haka nan.

Iskar da ta fitar a daƙiƙar farko, wato FEV1, lita 1.1 ce, jimillar kuwa, wato FVC, lita 1.5. Da aka raba ta farko da ta biyu aka sami 0.73, alhali sai an sauka ƙasa da 0.7 ake cewa hanyoyin iska sun tsuke, don haka na rubuta babu toshewa. Na sani sarai cewa mai irin wannan ciwo a hankali iska ke fita daga huhunsa, kuma idan ya yanke hurawa da wuri jimillar takan ragu, lissafin ya fito tamkar na mai lafiya, amma gaggawa ta rufe mini ido. Bayan wata biyar ta dawo a galabaice. Aka maimaita, wata ma'aikaciya tana tsaye a kanta tana ƙarfafa mata gwiwa, ta hura har daƙiƙa 11. Jimillar ta kai lita 2.0, rabon ya faɗo 0.55, kuma bai gyaru ba bayan ta shaƙi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, an jira minti 15.

Ban taɓa musun laifina ba. Sai dai wanda ya sa hannu a takardar sakamakon farko bai ko kalli zanen numfashin da na'urar gwajin ta fitar ba, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya a taron sashe.

Wanda zai gaje ni ya riƙa gwada na'urar da sirinji mai lita 3 kowace safiya, ya auna tsayin majinyaci da kansa ba takalmi, ya tambayi batun tarin fuka da tiyatar ido kafin a fara. Kada ya karɓi ƙasa da hurawa uku masu kyau, biyu mafiya girma kuma kada ratarsu ta wuce mililita 150. Littafin gwajin na'ura yana aljihun tebur na biyu, ba ranar da na tsallake a cikinsa tun daga wancan watan.